Daga injiniyanci zuwa lauyan shari'ar haƙƙin ƙirƙira: amsa ga wata ƙanwa

Tambaya: "Assalamu alaikum, Barista. Na karanta injiniyancin lantarki a Kano, yanzu ina gab da gama bautar ƙasa. Tun da na karanta labarin shari'ar Apple da Samsung nake sha'awar aikin lauyoyin da ke tsayawa a irin wannan shari'a, kuma an ce mini aikinka ke nan a Amurka. Me mutum yake karantawa kafin ya kai nan, kuma yaya aikin yake a zahiri? Baba yana ganin idan na koma karatun lauya na zubar da shekara biyar a banza. Shin haka ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa a gama bautar ƙasa lafiya. Idan na fahimce ki, kina son sanin karatun da ke kai mutum ga wannan aiki, da yadda aikin yake idan an cire abin da jaridu ke nunawa, sannan ko maganar Baba tana kan hanya. Shekara biyar ɗinki ba za ta zube ba, domin ni ma ta ƙofar lantarki na shigo, kuma har yau da ita nake cin abinci. Sai dai kada ki yi saurin ture maganar Baba. Wanda ya shiga wannan sana'a ya daina ƙera abu. Zai kwana ya tashi cikin fasahar wasu, yana karanta ta, yana gardama a kanta, amma shi lauya ne, kuma da ma'aunin lauyoyi za a auna shi. Don haka zan fara da aikin kansa, tun da sai an san inda hanya ta nufa ake ɗaure kaya.

Abin da ake faɗa a kansa

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin hukuma da mai ƙirƙira. Shi zai bayyana wa duniya yadda abinsa yake aiki dalla-dalla, ita kuma hukuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko amfani da abin har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Takardar tana da zane-zane, tana da dogon bayani, amma ranta yana can ƙarshe, a wasu jimloli masu lamba da ake kira da'awoyi. Su ne iyakar gona. Duk faɗin bayanin da mutum ya yi a gaba, abin da ya faɗo cikin waɗannan jimloli shi kaɗai ne nasa, kuma wanda ya yi noma a wajensu bai ci iyakar kowa ba.

Kowace shari'a tana juyawa a kan tambaya biyu. Mai ƙara yana cewa kayan wancan kamfani sun shiga cikin da'awata. Wanda ake ƙara yana cewa ban shiga ba, kuma ko da na shiga, takardarka tun asali ba ta cancanci a ba ka ba, saboda an riga an san abin kafin kai, ko kuma duk mai matsakaicin sani a fannin zai iya kaiwa gare shi ba tare da wata baiwa ba. A kan wannan batu na biyu Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukuncin KSR da Teleflex a 2007, inda aka haɗa totur ɗin mota mai daidaituwa da na'urar lantarki mai gane matsayinsa, kotun ta ce haɗa sanannun abubuwa biyu ta hanyar da kowa zai zata ba ƙirƙira ba ce. A 2014 kuma hukuncin Alice ya rushe takardun manhaja masu yawa, domin kotun ta ce ɗaukar tsohon tunani na kasuwanci a ce "a yi shi da kwamfuta" bai isa ba. Nauyin hujjar ma ba ɗaya ba ne: mai ƙara rinjaye kaɗan yake buƙata don ya nuna an ci iyakarsa, amma mai son rushe takarda a kotu sai ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa.

Inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai shi ne nan. Kafin a amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin biyu, sai an san abin da kalmomin da'awar suke nufi. Wani mutum mai suna Herbert Markman yana da takarda a kan tsarin bibiyar kaya a shagon wanki da guga. Ya kai kamfanin Westview ƙara, rikicin kuma duk ya tattaru a kan kalma ɗaya: shin "kayan da ke ajiye" na nufin tufafin kansu, ko ya haɗa da tsarin da rasit da kuɗi kawai yake lissafawa? A 1996 Kotun Ƙoli ta yanke cewa fassara da'awa aikin alƙali ne, ba na 'yan juri ba, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci. Tun daga lokacin kusan kowace shari'a tana da zama na musamman da ake kira da sunan Markman, kuma sau da yawa a ranar ake gane wanda zai ci.

Na taɓa yin watanni a kan kalmomi biyu a wata takardar da'irar lantarki, inda aka ce wani sashe yana "haɗe da" wani. Mu muna cewa haɗin kai tsaye ake nufi, waya zuwa waya. Su suna cewa ko da akwai wani sashe a tsakani, haɗi haɗi ne. Injiniya zai ce duka biyun suna yiwuwa, kuma ya yi gaskiya, amma kotu amsa ɗaya take so. Muka koma cikin wasiƙun da mai ƙirƙirar ya yi musaya da ofishin rajista shekaru kafin shari'ar, muka tarar da wurin da lauyansa, don ya kuɓuta daga wata tsohuwar takarda da mai bincike ya ɗora masa, ya rubuta cewa nasu haɗin babu komai a tsakaninsa. Abin da mutum ya bari da bakinsa don a ba shi takarda ba zai dawo kotu ya ce nasa ne ba. Ilimin lantarki ne ya sa na gane muhimmancin wannan sakin layi da na gan shi. Amma nemo shi, da rubuta shi yadda alƙalin da bai taɓa riƙe waya da kwalta ba zai gamsu, wannan aikin lauya ne zalla. Idan wannan labari ya motsa ki, alama ce mai kyau. Idan kin ji kamar ɓata lokaci ne a kan wasa da kalmomi, to ki saurari wannan jin, domin rabin rayuwar aikin ke nan.

Lauyoyi iri biyu ne, kuma mutane suna haɗa su

Akwai masu rubuta takardar su bi ta a ofishin rajista na Amurka, USPTO, har a bayar. Akwai kuma mu, masu faɗa a kanta a kotu bayan an bayar. Na farkon dole ne su ci wata jarrabawa ta ofishin, tambaya 100 cikin sa'a 6, kuma ba a barin mutum ya zauna mata sai yana da karatun kimiyya ko injiniyanci. Injiniyancin lantarki yana cikin jerin da ake karɓa, har da digirin wata ƙasa idan daidai yake da nasu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba sai mutum lauya ne yake wannan jarrabawa ba. Injiniyan da ya ci ta yana zama wakilin rajista, yana rubuta takardu yana muhawara da masu binciken ofishin, kotu ce kawai ba zai tsaya ba.

Shi kuwa lauyan kotu, doka ba ta neman digirin kimiyya daga gare shi. Lasisin lauya na wata jiha da izinin tsayawa a kotun tarayya sun wadatar, domin a Amurka kotunan tarayya ne kaɗai ke jin wannan shari'a. Cikin gwanayen da na gani suna magana da 'yan juri akwai waɗanda tarihi ko adabi suka karanta, kuma rashin sanin fasahar kan zame musu alheri, saboda suna yin irin tambayar da ɗan juri zai yi. Ba sabon abu ba ne. Abraham Lincoln, wanda karatun lauyansa ma da kansa ya yi, an ɗauke shi a 1855 cikin lauyoyin da ke kare Manny a ƙarar da McCormick ya shigar kan injin girbi, ko da yake manyan lauyoyin tawagar sun ware shi gefe. Shi ne kuma shugaban Amurka ɗaya tilo da yake da takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ya samu a 1849 kan dabarar ɗaga jirgin ruwa idan ya kafe a yashi.

To me ya sa ofisoshin lauyoyi ke rububin injiniyoyi? Dalili na farko shi ne aikin yau da kullum: wani ne zai zauna da injiniyoyin kamfani ya gane yadda kayansu ke aiki, kuma injiniya ya fi sakin jiki da wanda ke jin yarensa. Na biyu, dokar 2011 da Shugaba Obama ya sa wa hannu ta buɗe wani fage a cikin ofishin rajistar kansa tun daga 2012, inda wanda aka kai ƙara zai iya neman alƙalai uku masu ilimin fasaha su sake duba takardar, su yanke hukunci cikin shekara ɗaya daga ranar da suka karɓi ƙorafin. A can babu 'yan juri, nauyin hujja ya fi sauƙi, kuma jagoran lauyoyin kowane ɓangare dole ne ya zama mai rajista da ofishin. Tun 2025 ofishin ya tsaurara karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, amma har yanzu lauyan da ke iya tsayawa a fagen biyu ya fi daraja a kasuwa. A fannin lantarki da manhaja digirin farko yakan isa. A fannin magunguna da ƙwayoyin halitta, yawanci masu digirin digirgir ake nema.

Ki dubi waɗanda suka kai ƙololuwa. Duk ɗaukaka ƙarar wannan fanni kotu ɗaya take zuwa a Washington, wadda aka kafa a 1982. Kimberly Moore, da ta zama shugabar alƙalanta a 2021, lantarki ta karanta a jami'ar MIT, digiri na farko da na biyu, kafin ta yi lauya a jami'ar Georgetown. Pauline Newman, da aka naɗa a 1984, digirin digirgir gare ta a ilimin sinadarai daga Yale. Na ambace su ne da gangan, saboda mata kaɗan ne a wannan fage, kuma za ki shiga ɗakuna da yawa ki tarar ke kaɗai ce mace, ke kaɗai ce baƙar fata, ke kaɗai ce mai ɗankwali. Ana jurewa, kuma ana cin nasara.

Yadda shekarun farko suke

Shari'ar da ta ja hankalinki misali ce mai kyau na tazarar da ke tsakanin labarin jarida da aikin. Apple ya shigar da ƙara a 2011. A watan Agustan 2012 'yan juri tara a San Jose suka ba shi diyyar sama da dala biliyan ɗaya, bayan alƙaliya Lucy Koh ta ba kowane ɓangare sa'a 25 kacal ya gabatar da shaidunsa. Daga nan aka yi ta rage kuɗin ana sake zama, maganar ta je Kotun Ƙoli a 2016, wasu 'yan jurin suka yanke dala miliyan 539 a 2018, sannan kamfanonin biyu suka sasanta a shekarar. Shekara bakwai. Ta Polaroid da Kodak kan kyamarar da ke fitar da hoto nan take ta fi haka, daga 1976 har 1991. A bayan kowace sa'a da aka yi a gaban 'yan juri akwai ɗaruruwan sa'o'in da matasan lauyoyi suka yi a ofis, kuma cikinsu za ki fara.

Za ki yi jadawali, kowace kalmar da'awa a hagu, hujjar da ta dace da ita a dama. Za ki yi farautar tsofaffin mujallun injiniyoyi da littattafan bayanin kaya da kundayen ɗalibai, kina neman wanda ya riga mai ƙara faɗin abin, kuma sai kin tabbatar da ranar da takardar ta fita bainar jama'a, wani lokaci har da rantsuwar ma'aikacin laburare. Tsarin Amurka yana tilasta kowane ɓangare ya miƙa wa abokin gabarsa takardunsa na cikin gida, don haka za ki karanta wasiƙun imel na mutanen da ba ki sani ba har idonki ya yi ja. Idan manhaja ce, za a kai ki wani ɗaki a ofishin lauyoyin ɗaya ɓangaren, a karɓe wayarki, a zaunar da ke gaban kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, ki bi rubutun manhajar layi-layi. A wannan ɗaki lauya mai ilimin injiniya yake fita daban, kuma a nan na ga ƙananan lauyoyi sun zama waɗanda manyansu ba sa iya motsi sai da su.

Bayan shekara biyu ko uku za a fara ba ki shaida ki yi masa tambayoyi bisa rantsuwa kafin ranar kotu, ana ɗauka a bidiyo, doka ta ba ki sa'a 7. Za ki zauna da farfesoshin da aka ɗauko su ba da shaidar gwaninta, kuna gyara rahoto mai shafi ɗari-ɗari. Za ki koyi lissafin diyya tare da masana tattalin arziki, domin kotu kan tambayi nawa ɓangarorin biyu za su amince a biya da a ce sun zauna cinikin lasisi tun farko, kuma idan an nuna da gangan aka ci iyaka alƙali na iya ninka diyyar har sau uku. Mafi yawan ƙararraki ba sa kaiwa gaban 'yan juri, sulhu ake yi, saboda babbar shari'a tana cin miliyoyin daloli a kowane ɓangare. Akwai lauyoyin da suka shekara goma ba su yi wa shaida tambaya a gaban juri ba. Wanda yake son tsayuwa da wuri yakan nemi aikin taimaka wa alƙali na shekara ɗaya, ko ya zaɓi ƙaramin ofishi inda hannu ya yi kaɗan.

Aikin kuma a 'yan wurare ya taru. Garin Marshall a gabashin Texas bai kai mutum 25,000 ba, amma a 2015 gundumarsa ta karɓi sama da kashi 40 cikin 100 na duk ƙararrakin wannan fanni a ƙasar. Hukuncin TC Heartland na 2017 ya taƙaita inda za a kai kamfanin Amurka ƙara, sai aiki mai yawa ya koma Delaware, inda kamfanoni da dama suka yi rajista. Akwai kuma hukumar Amurka mai kula da cinikin ƙasa da ƙasa a Washington, wadda ba ta ba da diyya amma tana iya hana kaya shiga ƙasar, kamar yadda ta yi wa wasu agogunan Apple a ƙarshen 2023 a ƙarar kamfanin Masimo. Fannin magunguna duniyarsa daban: dokar 1984 ta tsara yadda mai son fitar da kwafin magani mai araha zai ƙalubalanci takardar mai asali, da dakatar da amincewa da kwafin har wata 30, kuma yawanci alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci. Ni a lantarki na yi rayuwata, don haka kan wancan fanni ki nemi mai shi.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, saboda ya shafi zuciya. Ba kullum mai takarda ne mai gaskiya ba, ba kullum ne kuma babban kamfani ke zalunci ba. Akwai kamfanonin da ba sa ƙera komai, sayen takardu kawai suke yi su bi mutane da ƙara, suna neman kuɗin sulhu da bai kai kuɗin kare kai ba. Hukuncin eBay na 2006 ya rage musu kaifi da ya ce cin shari'a ba ya nufin dole a rufe kasuwancin wanda ya faɗi. Akwai kuma ƙaramin mai ƙirƙira da aka kwashe wa gumi, wanda ba shi da kowa sai lauyansa. Mu 'yan Afirka muna da dalilin tuna 2001, lokacin da kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar sauƙaƙa magani, ana tsakiyar annobar ƙanjamau. Ƙaramin lauya ba ya zaɓen wanda zai kare, amma yana zaɓen ofishin da zai shiga. Ki tambayi su wa suke tsaya wa kafin ki sa hannu.

Hanyoyin da ke gabanki

A Amurka karatun lauya digiri na biyu ne, shekara uku, ana kiransa JD, kuma kowane digirin farko yana shiga. Ke nan daga inda kike za ki iya nema kai tsaye bayan jarrabawar shiga ta LSAT. Matsalar kuɗi ce: a manyan makarantu kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara, ɗalibin waje kuma ba ya samun bashin gwamnatin tarayya. Gaskiya ne manyan ofisoshi sun biya sabon lauya dala 225,000 a shekara a 2024, amma suna jiran wajen sa'a 2,000 a shekara ta aikin da za a caji wanda ake wa aikin, kuma daga makarantu ƙalilan suke ɗiba. Ban yarda ki ci bashin da zai danne gidanku saboda wannan adadi ba. Idan makin LSAT ɗinki ya yi kyau har aka yafe miki mafi yawan kuɗin, wannan magana ce daban.

Hanya ta biyu ita ce ki yi lauya a gida. Mai digiri yana shiga aji biyu kai tsaye, shekara huɗu, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda kusa da ku. Da wannan, jihar New York tana duba digirin ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila, Kalifoniya kuma tana barin lauyan wata ƙasa ya zauna jarrabawarta. Mutane da yawa suna ƙara digirin LLM, wato digiri na biyu a fannin lauya, na shekara ɗaya. Ta fi araha nesa ba kusa ba, amma abin da na gani shi ne ofisoshin shari'ar kotu sun fi ɗaukar masu JD, mai LLM sai ya yi haƙuri da naci.

Hanya ta uku ita nake ba mai irin karatunki shawara. Ki ci gaba da injiniyanci tukuna. Ki yi aiki shekara biyu ko uku a inda ake taɓa kaya da hannu, sadarwa ko wutar rana ko manhaja, sannan ki nemi digiri na biyu ko na uku a lantarki, domin a wannan fanni ana samun tallafin karatu da albashin mataimakin bincike, abin da babu shi a karatun lauya. Daga nan ofisoshin lauyoyi suna ɗaukar injiniyoyi a matsayin mashawartan fasaha, wasu ma suna biya musu karatun lauya na yamma, shekara huɗu. Wahala ce, aiki da rana aji da dare, amma mutum yana ganin sana'ar daga ciki kafin ya sayar da kansa gare ta, kuma idan ta ƙi masa yana da injiniyancinsa a hannu. Wannan ita ce amsar da za ki kai wa Baba. Ki sani dai cikakkiyar rajista da ofishin USPTO ta 'yan ƙasa ce da masu izinin zama na dindindin. Mai bizar aiki taƙaitaccen izini ake ba shi, aikin mai bincike a ofishin kuma na 'yan ƙasa ne kaɗai. Dokokin biza da na jarrabawa suna sauyawa, don haka ki karanta na shekarar da za ki nema daga hukumomin da kansu.

Idan a gida kike son zama

Dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ce, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin shari'ar. Babban bambanci da Amurka shi ne ofishin rajista a Abuja tsarin takarda kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, dokar ma ta ce ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana duk nauyin tantancewa ya koma kan kotu ranar da rikici ya tashi, kuma dokar ta ba alƙali damar zama da masana biyu su ba shi shawara kan fasaha. Wataƙila kin ji ƙarar da kamfanin Bedding Holdings ya kai hukumar zaɓe INEC kan akwatin ƙuri'a mai nuna abin da ke ciki. Irin waɗannan ba su da yawa. Lauyan wannan fanni a Legas ko Abuja ya fi samun abincinsa daga alamar kasuwanci da jabun kaya da haƙƙin mawaƙa da 'yan fim, da yi wa kamfanonin waje rajista, da yarjejeniyoyin fasaha da ke bi ta NOTAP, hukumar da ke yi musu rajista. Najeriya kuma ba ta cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda takardarta ɗaya ke aiki a Nijar da Chadi da Kamaru, ba ta kuma cikin takwararta ARIPO, don haka duk mai son kariya a Najeriya sai ya yi rajista daban, wannan ma aiki ne ga lauyoyin gida. Lasisina na Amurka ne, saboda haka kan yadda kasuwar gida take a yau ki zauna da lauyan da ke tsayawa a kotun tarayya. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne lauyan da ya iya karanta da'irar lantarki abu ne mai wuyar samu a can, kuma jami'o'inmu cike suke da binciken da ake bugawa a mujalla kafin a shigar da buƙatar rajista, a rasa haƙƙin tun ba a sani ba. Wannan yana ci mini rai, kuma mutum irinki zai iya tare shi.

Kafin ki kashe ko sisi, ga gwajin da nake ba duk matashin da ya zo mini da wannan magana. Ki shiga Google Patents, kyauta ne, ki zaɓi takarda ɗaya a kan abin da kika sani, cajar waya ko na'urar juya wutar batir. Ki karanta da'awa ta farko har sai kin iya raba ta gida-gida. Ki ɗauko irin kayan a kasuwa ko a ɗakin gwaji, ki bi kowane gida ki ga ko yana ciki. Sannan ki rubuta shafi ɗaya da Turanci mai sauƙi kina cewa an ci iyaka, ki juya ki rubuta wani shafin kina cewa ba a ci ba, da zuciya ɗaya a duka biyun. A ƙarshe ki zaunar da wani a gida wanda bai yi kimiyya ba, ki bayyana masa rikicin da Hausa cikin minti biyar, ki tambaye shi wa ya ga yana da gaskiya da dalilinsa. Ki turo mini shafukan biyu idan kin gama, zan duba miki su in sha Allah.